Kimiyyar kwamfuta ko tsaron intanet: wanne ya kamata 'ya'yanmu na Makka da Jidda su sa a gaba?

Idan sakamakon Tahsili, jarrabawar shiga jami'a ta Saudiyya, ya fito aka buɗe neman gurbin jami'a, abin da ake buƙata daga ɗalibi shi ne ya jera zaɓinsa daga na ɗaya zuwa ƙasa. A gidajen Hausawa na Makka da Jidda da Madina, in ka cire likitanci, ba abin da ake ambata a 'yan shekarun nan kamar kwamfuta. Sai dai da yaro ya buɗe shafin zai tarar ƙofofin da yawa: ga ulumul hasib, wato kimiyyar kwamfuta, ga tsaron intanet da ake kira amnus sibrani, ga ƙirƙirarriyar basira, ga tsarin bayanai, ga injiniyancin kwamfuta. Yawancin ƙannenmu hannunsu tsaron intanet yake fara nufa, saboda sunan yana da kwarjini kuma sun ji ana cewa akwai albashi. Ni ra'ayina shi ne duk wanda zai iya jure lissafi ya sa kimiyyar kwamfuta a farko, kuma wanda yake zaune da iƙama, wato takardar izinin zama ta baƙo, ya fi kowa buƙatar jin wannan. Amma ba kowa ne wannan shawarar ta dace da shi ba, shi ya sa zan bi su ɗaya bayan ɗaya.

Kimiyyar kwamfuta ba koyon amfani da kwamfuta ba ce, ba kuma gyaran waya ba ce irin na shagunan titin Falasɗinu a Jidda, ko da yake wannan ma sana'a ce mai rufin asiri. A shekarar farko ana koya maka rubuta manhaja da harshe ɗaya, galibi Java ko Python. Wannan shi ne ɓangaren da ya fi sauƙi. A shekara ta biyu ake shiga ainihin karatun, inda tambayar ta daina zama ko manhajarka tana aiki, ta koma ko za ta ci gaba da aiki idan mutum miliyan suka hau kanta lokaci ɗaya. Ka ɗauki manhaja irin Nusuk da take riƙe da sunayen mahajjata. Idan za a nemi suna ɗaya cikin miliyan ta hanyar duba su ɗaya bayan ɗaya, ana iya yin dubawa miliyan kafin a same shi. Idan kuwa an jera sunayen bisa tsari, ana raba jerin gida biyu a kowane mataki a watsar da rabin da sunan ba ya ciki, dubawa ashirin ta isa. Tazarar da ke tsakanin miliyan da ashirin ita ce abin da ake zaunar da kai shekaru ana koya maka: yadda ake jera bayanai, yadda ake auna saurin hanya kafin a rubuta ta, yadda ake tabbatar da hujja cewa hanyar daidai take a kowane hali. Daga nan sai darasin yadda Windows ko Linux suke raba ƙwaƙwalwar na'ura tsakanin manhajoji, da yadda saƙo yake tafiya daga waya zuwa waya, da yadda ake gina rumbun bayanai.

Duk wannan a kan lissafi yake zaune. Akwai kalkulas, akwai aljabara ta jadawalin lambobi, akwai lissafin yiwuwa da ƙididdiga, sannan akwai wani darasi na mantiƙi da kafa hujja wanda bai yi kama da lissafin sanawiyya, wato sakandare, ba ko kaɗan, domin ba lamba ake nema a ƙarshensa ba, dalili ake nema. A nan ɗalibai da yawa suke tuntuɓe, har da masu ƙoƙari. Ga kuma Turanci. Littattafan da jarrabawar da Turanci suke a kusan dukkan kulliyoyin kwamfuta na ƙasar nan, ko da malamin zai yi bayani da Larabci. Yaron da ya tashi da Hausa a gida da Larabci a makaranta, Turancin nan shi ne harshensa na uku, kuma ya kamata ya san da haka tun kafin ya shiga.

Tsaron intanet kuwa yana da dalilin da ya sa ya yi suna a Saudiyya. A watan Agustan 2012 wata muguwar manhaja mai suna Shamoon ta shiga kamfanin man fetur na Aramco ta goge abin da ke cikin kwamfutoci kusan 30,000. Tun daga lokacin gwamnati ta ɗauki lamarin da muhimmanci. A 2017 aka kafa Hukumar Tsaron Intanet ta Ƙasa, aka tilasta wa ma'aikatu da manyan kamfanoni su buɗe sashen tsaro, jami'o'i kuma suka bi sahu. Jami'ar Jidda, wadda aka kafa a 2014, tana da sashe na musamman a kan wannan fanni, Jami'ar Imam Abdurrahman bin Faisal da ke Damam ita ma tana ba da digiri a kansa. Aikin yana nan, ba ƙarya ba ne.

Shekara biyun farko na wannan digiri sun yi kama da na kimiyyar kwamfuta ƙwarai. Bayan nan hanya take rabuwa: a koya maka yadda ake kulle saƙo da mabuɗin sirri, yadda ake kare hanyoyin sadarwa, yadda ake binciken na'ura bayan an yi mata kutse don fitar da shaida, da dokoki da ƙa'idojin da ma'aikata za ta bi. Kowane darasi da aka ƙara, wani aka cire ya ba shi wuri, kuma abin da ake ragewa galibi shi ne zurfin rubuta manhaja da zurfin lissafin hanyoyi. Abin da yaro yake hangowa shi ne mutumin da ake biya don ya gwada fasa tsarin banki ya nuna musu ɓaraka. Akwai masu wannan aikin, amma su ne 'yan kaɗan, kuma waɗanda suka yi fice cikinsu mutane ne da suka iya karanta manhajar wani su gane inda ya yi sakaci, wato sun ƙware a abin da kimiyyar kwamfuta take koyarwa. Mafi yawan sababbin ma'aikata a ɗakin sa ido suke farawa, ana karɓa-karɓa dare da rana, kana duba gargaɗin da na'ura take turowa kana tantance na gaske da na banza. Wasu kuma aikinsu na takarda ne: su bi ƙa'idojin hukuma layi-layi su tabbatar ma'aikatarsu ta cika su. Aiki ne mai amfani kuma ana biya, amma wanda zai shiga ya san shi zai tarar.

Yanzu ga maganar da ta fi damuna, wadda ba a cika faɗa wa yara ba sai sun yi nisa. Mu Hausawan ƙasar nan ba matsayinmu ɗaya ba a takarda. Akwai waɗanda kakanninsu suka zo aikin Hajji a ƙasa ta Chadi da Sudan suka tsallako Bahar Maliya, suka zauna, yau jikokinsu 'yan ƙasa ne masu jinsiyya, ana kiransu Hausawi. Akwai waɗanda mahaifiyarsu 'yar Saudiyya ce amma mahaifin ba ɗan ƙasa ba. Akwai kuma waɗanda a nan aka haife su, a nan suka yi karatu tun daga ibtida'i, wato firamare, ba su san wani gari ba sai Makka, amma fasfonsu na Najeriya ne ko Nijar ko Chadi ko Sudan, zamansu kuma da iƙama. Yara uku daga layi ɗaya a Shari' Mansur, aji ɗaya, maki kusan ɗaya, amma ƙofar da za ta buɗe wa kowannensu daban.

Ƙa'idojin da Hukumar Tsaron Intanet ta fitar a 2018 sun ce a ma'aikatun gwamnati da kamfanonin da ke riƙe da muhimman kayayyakin ƙasa, shugaban sashen tsaro da masu riƙe da muƙamai masu muhimmanci a sashen dole su zama 'yan Saudiyya. Da aka sabunta ƙa'idojin a 2024 sai aka faɗaɗa sharaɗin ya game muƙaman tsaron gaba ɗaya a waɗannan wurare. Ga ɗan ƙasa wannan alheri ne babba, domin an keɓe masa kasuwar da ta fi kowace biya. Ga mai iƙama kuwa, ma'anarsa ita ce zai yi shekara huɗu ko biyar yana karanta fannin da manyan masu ɗaukar ma'aikatansa doka ta hana su ɗaukarsa. Ba na ganin laifin ƙasa don ta ce 'ya'yanta ne za su tsare mata sirri, kowace ƙasa haka take yi. Abin da nake jin ciwo shi ne yaronmu ya shiga bai sani ba.

Sauran ayyukan kwamfuta ma akwai rabon 'yan ƙasa a ciki, amma rabo ne, ba rufe ƙofa ba. Tun watan Yunin 2021 kamfanin da yake da ma'aikata biyar ko fiye a ayyukan sadarwa da fasahar bayanai dole kashi 25 cikin ɗari su zama 'yan Saudiyya, kuma ba a ƙirga ɗan ƙasa cikin wannan kason sai albashinsa ya kai riyal 7,000 a ayyukan ƙwararru ko 5,000 a na masu fasaha. Wannan ya nuna wa ɗan ƙasa inda ƙasan albashinsa yake. Mai iƙama kuma ya nuna masa cewa a sauran gurbin zai yi gogayya da injiniyoyin da suka zo daga Masar da Indiya da Pakistan da Jodan da shekarun aiki a hannunsu. Ba abin da zai sa a zaɓe shi sai iyawa, tare da abu ɗaya da ya fi su: ya san ƙasar, yana jin Larabcin mutanenta kamar kowane ɗan Hijaz. Kuma rabon nan ƙaruwa yake yi lokaci bayan lokaci, ba raguwa ba, don haka mai iƙama ya zaɓi ilimin da zai iya ɗauka ya tafi da shi Kano ko Yamai ko Dubai, ko ya yi wa kamfanin wata ƙasa aiki yana zaune a ɗakinsa. Rubuta manhaja yana tafiya ko'ina. Sanin ƙa'idojin hukumar wata ƙasa guda iyakarsa bakin iyakar ƙasar.

Ko ga ɗan ƙasa ma, da zan ba ƙanena shawara, zan ce ya yi kimiyyar kwamfuta sannan ya ɗora tsaro a kai. Hanyar daga nan zuwa can a buɗe take: darussan zaɓi a shekarar ƙarshe, takardun ƙwarewa irin Security+ ko OSCP, sansanonin horo na Kwalejin Tuwaiq mai koyar da fasahar kwamfuta, ko digiri na biyu. Dawowa daga tsaro zuwa gina manhaja ya fi wuya, domin sai ka koma ka cike abin da aka tsallake. Telan da ya iya yanka, duk yayin da ya shigo zai ɗinka shi. Wanda ya koyi aiki ɗaya na wuyan riga, ranar da aka daina yayinsa sai ya koma koyo. Amma idan kai ɗan ƙasa ne, ka riga ka ɗanɗana fannin, kana shiga gasar kutse ta ɗalibai kana jin daɗinta, ga gurbi a jami'a mai ƙarfi, to shiga abinka, ba ka yi kuskure ba.

Ƙirƙirarriyar basira ita ce sabuwar amarya. An kafa SDAIA, hukumar bayanai da ƙirƙirarriyar basira ta ƙasa, a 2019, a 2025 kuma Asusun Zuba Jari na gwamnati ya buɗe kamfanin Humain don wannan fanni, kuɗi kuwa ana zuba su ba kaɗan ba. Abin da ɗalibi zai sani shi ne wannan digirin ya fi kimiyyar kwamfuta lissafi, ba ƙasa da ita ba. Wanda ya gudo daga aljabara da ƙididdiga ya faɗo nan, ya yi gudun gara ya faɗa gidan zago. Sannan ayyukan da ake gina sababbin abubuwa a cikinsu galibi masu digiri na biyu ko na uku ake nema. Jami'ar KAUST da ke Suwal, arewa da Jidda, wadda aka buɗe a 2009, karatun gaba da digirin farko take bayarwa, tana ɗaukar ɗalibai daga kowace ƙasa, tana kuma ɗaukar nauyinsu. Mai digirin kimiyyar kwamfuta da maki mai kyau yana da damar nema daidai da mai digirin ƙirƙirarriyar basira. Saboda haka ban ga abin da yaro zai rasa ba idan ya jinkirta keɓewa.

Iyaye da yawa suna tambaya ko karatun ma yana da sauran amfani tunda ChatGPT ya fito a ƙarshen 2022 yana rubuta manhaja da kansa. Tambaya ce ta gaskiya. Ƙananan ayyukan da ake ba sabon ma'aikaci ya koyi hannu da su, na'ura tana yin da yawansu yanzu cikin daƙiƙoƙi, kuma samun aikin farko ya fi da wuya. Amma abin da na'urar ta rubuta sai an sami wanda zai karanta ya gane inda ta yi kuskure, ya san ko zai ɗauki nauyin jama'a, ya san ko ya buɗe wa ɓarawo taga. Wanda ya koyi haddar umarni kawai shi ne abin ya shafa. Wannan ma wani dalili ne na zaɓar karatun da ya fi zurfi.

Tsarin bayanai, wato nuzumul ma'alumat, ana raina shi a tsakanin ɗalibai, ana cewa wurin waɗanda makinsu bai kai ba ne. Wannan rainin bai dace ba. Mai wannan fanni shi ne yake tsayawa tsakanin masu kasuwanci da masu rubuta manhaja: ya zauna da akawu da mai kula da sito da mai sayarwa, ya fahimci yadda kaya da kuɗi suke zagayawa, ya mayar da wannan tsari da kwamfuta za ta bi. Duk wanda yake da shago a kasuwar Utaibiyya ta Makka ko Bab Makka ta Jidda ya ga aikinsu da idonsa. Tun 4 ga Disamban 2021 hukumar zakka da haraji ta wajabta rasit na lantarki, daga farkon 2023 kuma aka fara haɗa na'urorin 'yan kasuwa da na hukumar kai tsaye, rukuni bayan rukuni. Kowane kamfani sai da ya nemi wanda zai daidaita masa wannan. Haka asibitoci, haka kamfanonin Hajji da Umra masu lissafin masauki da motoci da abinci na dubban mutane. Manhajojin SAP da Oracle da Odoo da ake gudanar da kamfanoni da su, wanda ya ƙware a ɗayansu ba ya rasa abin yi. Lissafin wannan digiri ya fi sauƙi, rubuta manhaja yana nan amma ba a nutsa sosai, a maimakonsa akwai darussan gudanarwa da tsara aiki. Idan ke mai iya magana da mutane ce, mai haƙurin sauraro da rubuta rahoto mai tsabta da Larabci da Turanci, wataƙila nan ne za ki fi haskawa, fiye da ki je ki yi ta fama da darasin hujja kina fita da maki na ƙasa. Abu ɗaya za a kula da shi: akwai tsarin bayanai na kulliyar kwamfuta, akwai kuma mai kama da shi a kulliyar kasuwanci, wanda kwamfutarsa ta fi ƙaranci nesa ba kusa ba. A Jami'ar Sarki Abdul'aziz ta Jidda kulliyar kwamfuta tana da kimiyyar kwamfuta da fasahar bayanai da tsarin bayanai, ɗayan kuma yana can kulliyar tattalin arziki da gudanarwa. A duba da kyau kafin a danna.

Fasahar bayanai tana tsakiyar waɗannan biyun. Ita ce ta masu kafa hanyoyin sadarwa da kula da manyan na'urorin ma'aikata, aikin hannu da kai tare, kuma takarda irin CCNA ta kamfanin Cisco tana ƙara mata nauyi ƙwarai.

Injiniyancin kwamfuta kuma rabinsa lantarki ne. Akwai fiziks mai yawa, da zanen da'irar wuta, da ƙananan na'urorin da ake dasawa cikin mota ko na'urar asibiti. Galibi ya fi sauran tsawo, kuma bayan kammalawa sai ka yi rajista da Hukumar Injiniyoyi ta Saudiyya. Iyaye suna son jin an kira ɗansu muhandis, wato injiniya, na san wannan, kuma ba abin kunya ba ne. Gwamnati ma tana son a fara ƙera kayan lantarki a cikin gida, shi ya sa aka kafa kamfanin Alat a 2024. Sai dai har yanzu da yawa daga masu wannan digiri a rubuta manhaja ko kula da sadarwa suke ƙarewa, bayan sun sha wahalar darussan da ba za su yi aiki da su ba. Yaron da tun yana ƙarami yake kwance rediyo da fanka don ya ga cikinsu, wannan gidansa ne. Wanda sunan kawai yake so, ya sake tunani.

Duk wannan zaɓin sai an sami shiga. Ana haɗa makin sanawiyya da na Ƙudurat, jarrabawar auna basira, da na Tahsili a fitar da maki ɗaya, jami'o'i da dama suna ba sanawiyya 30, Ƙudurat 30, Tahsili 40, wasu kuma da nasu rabon. Kulliyoyin kwamfuta yanzu suna cikin masu neman maki mafi tsada bayan na lafiya. Ɗan ƙasa karatunsa kyauta ne a jami'ar gwamnati, da mukafa'a ta kusan riyal 1,000 duk wata ga ɗaliban kimiyya, kuma wanda mahaifiyarsa 'yar ƙasa ce ana ɗaukarsa kamar ɗan ƙasa wajen neman gurbi. Mai iƙama hanyarsa ita ce minha ta cikin gida, tallafin karatun da aka ware wa baƙi mazauna ƙasa, ana nema ta dandalin Idrus fis Sa'udiyya. Guraben kaɗan ne, masu nema da yawa, kuma ba kowane fanni ake buɗewa a kowace shekara ba. A nemi fiye da jami'a ɗaya: Ummul Ƙura ta Makka, Sarki Abdul'aziz, Ɗaiba ta Madina, da Jami'ar Musulunci ta Madina, wadda mutanenmu suka sani da Shari'a da Hadisi amma tana da kulliyar kwamfuta ita ma.

Idan minha ba ta samu ba, saura hanyoyin kuɗi. Jami'o'i masu zaman kansu irin Effat da Darul Hikma a Jidda ko Yarima Sultan a Riyad kuɗinsu dubban riyal gommai ne a shekara, ga kuma riyal 400 da uba yake biya duk wata a kan kowane ɗa da ke ƙarƙashin iƙamarsa. Gidaje kaɗan ne cikinmu za su iya. Buɗaɗɗiyar Jami'ar Larabawa, mai rassa a Jidda da Madina, ta fi sauƙin kuɗi, tana karɓar mazauna, tana da digirin kwamfuta da take bayarwa tare da Buɗaɗɗiyar Jami'ar Birtaniya, kuma mai aiki zai iya haɗawa da aikinsa. A irin wannan karatu rabin ilimin kai za ka nemo wa kanka. A da iyaye kan tura yara Khartum, musamman Jami'ar Afirka ta Duniya, amma yaƙin da ya ɓarke a watan Afrilun 2023 ya katse wannan hanya, Allah ya kawo wa 'yan'uwanmu na Sudan sauƙi. Akwai kuma komawa gida: Jami'ar Bayero a Kano da Ahmadu Bello a Zariya duk suna koyar da kimiyyar kwamfuta, sai dai akwai jarrabawar JAMB da daidaita takardar sanawiyya, kuma komai da Turanci ne tun daga ranar farko. A duk waɗannan hanyoyi, mutumin da bai san ƙasar da zai yi aiki a cikinta nan da shekara goma ba ya fi samun kwanciyar hankali da digirin da kowace ma'aikata a duniya ta san sunansa da abin da ke cikinsa.

Wani lokaci zaɓin ba tsakanin fanni da fanni yake ba, tsakanin jami'a da jami'a ne. Wanda ya sami Jami'ar Sarki Fahad ta Man Fetur da Ma'adinai a Zahran ko Jami'ar Sarki Sa'ud a Riyad, kusan kowane fannin kwamfuta ya samu a can ya karɓa, domin kamfanoni har cikin makarantar suke zuwa neman ɗalibai, kuma horon aiki na watanni da ake tura su yakan zama aikinsu na farko. A tambaya ko sashen yana da amincewar hukumar ABET ta Amurka ko ta hukumar tantance ingancin karatu ta ƙasa. A buɗe jadawalin darussan sashen a shafin jami'ar, a ƙirga darussan rubuta manhaja da na lissafi. Suna yana iya zama ɗaya a jami'o'i biyu, cikin ya bambanta.

Ga 'yan matanmu, duk abin da na faɗa ya shafe ku daidai da maza. Mata sun cika kulliyoyin kwamfuta a ƙasar nan, Jami'ar Gimbiya Nura a Riyad ta mata ce zalla, Sarki Fahad ma ta fara ɗaukar mata a digirin farko tun 2021. Iyayen da suke fargabar 'yarsu ta yi nisa da gida su sani Ummul Ƙura da Sarki Abdul'aziz da Jami'ar Jidda duk suna da ɓangaren mata, kuma rubuta manhaja yana cikin ayyukan da suka fi karɓar yi daga gida bayan aure da haihuwa.

Kafin ka jera zaɓinka, ka gwada kanka a hutun bazara. Dandalin Satr na Kwalejin Tuwaiq yana da darussan rubuta manhaja da Larabci kyauta, Jami'ar Harvard kuma tana da darasin CS50 a intanet kyauta ga mai Turanci. Kada ka tsaya a kallon bidiyo, ka yi aikin da aka bayar da hannunka ba tare da ka tambayi ChatGPT amsa ba. Za ka kai wurin da manhajarka ta ƙi aiki ka rasa dalili, ka yi awa biyu kana nema. Ka lura da zuciyarka a wannan lokacin. Idan ka tashi cin abinci amma hankalinka yana kan matsalar, ka dawo da sauri don wata dabara ta faɗo maka, kimiyyar kwamfuta za ta karɓe ka. Idan kuwa abin da ya fi burge ka shi ne tunanin wa zai yi amfani da manhajar da yadda za ta sauƙaƙa wa shagon babanka lissafi, ka dubi tsarin bayanai da idon mutunci. Ka kuma dubi yadda kake da lissafi a aji uku na sanawiyya, ka gaya wa kanka gaskiya.

A jami'o'i da dama ba a ba ka fannin tun ranar shiga. Kulliyar kake shiga, ku yi shekara ɗaya tare, sannan a raba ku bisa mu'addal, wato matsakaicin makin darussan shekarar, mai maki sama ya fara zaɓa. Wato darasin kalkulas da na Turanci da na manhaja na zangon farko, waɗanda sababbin ɗalibai suke ɗauka da wasa saboda murnar shiga jami'a, su ne za su yanke ko za ka sami abin da ka sa a lamba ɗaya. Mai minha kuma akwai makin da in ya sauka ƙasa da shi tallafin nasa yana cikin haɗari, don haka tun makon farko ya je ofishin kula da ɗaliban minha ya tambayi adadin, ya rubuta shi.